Kujerar Alƙali a Hannun Jam'iyyu: Sharhi a Kan Majalisar Dattawan Amurka

A yau za mu karkata akala zuwa ƙasar Amurka, mu duba wata husuma da ta daɗe tana ci a Majalisar Dattawan ƙasar, wato jayayyar da ke tsakanin manyan jam'iyyunta biyu, Dimokurat da Rifablikan, a kan wanda za a bari ya hau kujerar alƙalanci da wanda za a tare wa hanya. Wanda ya hangi mas'alar daga nesa zai iya ɗaukarta rigimar 'yan siyasa ce irin wadda aka saba, a yi ta yau a manta gobe, alhali kuwa duk wanda ya bi diddiginta zai tarar ta taɓa tushen amanar da ke tsakanin talaka da kotu, wadda in ta karye ba a ɗora ta da sauƙi.

Bari mu fara da asalin tsarin, domin ba a gane ɓarna sai an san yadda gini yake. Kundin tsarin mulkin da aka rubuta a birnin Filadelfiya a shekarar 1787 ya raba ikon naɗin alƙalan tarayya gida biyu: shugaban ƙasa shi ke gabatar da suna, Majalisar Dattawa kuwa, wadda a yau take da wakilai 100, biyu daga kowace jiha, ita ke ba da shawara ta kuma amince. Alƙalin da ya tsallake wannan siraɗi ba a yanka masa wa'adi ba, yana nan daram bisa kujerarsa har sai ajali ya zo, ko ya ajiye aiki don kansa, ko kuwa a tsige shi saboda babban laifi. Shugaban ƙasa ba ya wuce zaɓe biyu, amma alƙalin da ya naɗa yana iya shafe shekara 30 yana yanke hukunci, kamar yadda Clarence Thomas ya hau Kotun Ƙoli tun 1991 ya ga wucewar shugabanni bi da bi. Wannan kotu mai alƙalai 9, da kotunan ɗaukaka ƙara 13 da ke ƙarƙashinta, da kotunan gunduma 94, su ne ke da maganar ƙarshe a kan al'amuran da suka fi raba kan Amurkawa, irin su zubar da ciki, da riƙe bindiga, da dokokin zaɓe, har ma a shekarar 2000 hukuncin Kotun Ƙoli ne ya kawo ƙarshen taƙaddamar ƙidayar ƙuri'u tsakanin George Bush ƙarami da Al Gore. To, wanda ya san haka ba zai yi mamakin ganin jam'iyyu suna kokawa a kan waɗannan kujeru ba.

Sai dai akwai abin da kundin ya yi shiru a kansa. Bai ce wajibi ne majalisa ta saurari wanda aka gabatar ba, bai yanka mata kwanaki ba, bai kuma faɗi abin da zai biyo baya in ta naɗe hannu ta ƙi cewa uffan ba. Abin da ya cike wannan gurbi shekara da shekaru shi ne al'ada, da kara, da sanin ya kamata, ta yadda sanata yakan ce a ransa, wannan mutum ba mazhabarmu ɗaya ba, amma tun da masani ne mai mutunci, kuma shugaban da ya kawo shi jama'a ne suka zaɓe shi, ba ni da hujjar hana shi. Da irin wannan fahimta ne aka tabbatar da Antonin Scalia, jigon masu ra'ayin riƙau, a 1986 da ƙuri'a 98 ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, aka kuma tabbatar da Ruth Bader Ginsburg, wadda ra'ayinta ya yi hannun riga da nasa, a 1993 da ƙuri'a 96, mutum 3 kacal suka ƙi.

A cikin ƙa'idojin majalisar kuma akwai wata dabara da ake kira filibasta, wadda ta samo asali daga 'yancin da kowane sanata yake da shi na ci gaba da magana ba tare da an katse shi ba, har Strom Thurmond ya taɓa tsayawa awa 24 da minti 18 a 1957 yana surutu don hana dokar kare haƙƙin baƙar fata wucewa. A 1917 aka kafa ƙa'idar rufe muhawara da kashi biyu bisa uku na ƙuri'u, a 1975 aka sassauta ta zuwa ƙuri'a 60. Ma'anar wannan a wancan lokacin ita ce, sanatoci 41 in suka haɗa kai sukan iya hana a kai ga jefa ƙuri'a a kan mutum, ko da 59 suna son sa. Makami ne da aka ajiye don ranar larura, kuma an daɗe ana jin nauyin zaro shi a kan alƙalai.

In ka tambayi wanda ya fara, kowane ɓangare yana da isnadinsa da yake jawowa. Ɗan Dimokurat zai kai ka 1968, lokacin da 'yan Rifablikan da wasu 'yan Dimokurat na kudu suka ja muhawara har Shugaba Lyndon Johnson ya janye sunan Abe Fortas da ya so ya zama Alƙalin Alƙalai. Ɗan Rifablikan kuwa zai ce a'a, asalin fitina 1987 ne, ranar da majalisa ta ƙi Robert Bork, wanda Ronald Reagan ya gabatar, da ƙuri'a 58 a kan 42, bayan an yi ta sukarsa a talabijin da jaridu, ba don an same shi da jahilci ko cin hanci ba, illa don yadda yake fassara kundin tsarin mulki. Shugaban kwamitin shari'a a lokacin kuwa shi ne Joe Biden. Na farkon zai mayar da martani da cewa a zamanin Bill Clinton 'yan Rifablikan sun bar Richard Paez yana jira sama da shekara 4 kafin a tabbatar da shi, wasu da yawa kuma ko zaman sauraro ba su samu ba. Na biyun zai tuna masa Miguel Estrada, lauya haifaffen Honduras, wanda Bush ƙarami ya gabatar a 2001, 'yan Dimokurat suka tare shi, aka yi yunƙurin rufe muhawara har sau 7 a 2003 ba a yi nasara ba, daga bisani ya gaji ya janye. Dukkan waɗannan ruwayoyi ingantattu ne, shi ya sa neman wanda ya fara ba ya kai mutum ko'ina, domin kowa ya riƙe zaluncin da aka yi masa ya manta wanda ya yi.

A 2005 al'amari ya kai intaha, har shugaban masu rinjaye na Rifablikan, Bill Frist, ya yi barazanar soke sharaɗin ƙuri'a 60 a kan alƙalai ta hanyar rinjaye maras yawa, matakin da 'yan majalisar da kansu suka laƙaba wa sunan makamin ƙare dangi saboda sanin abin da zai haifar. A nan ne sanatoci 14, bakwai daga kowace jam'iyya, a ƙarƙashin jagorancin John McCain da Ben Nelson, suka shiga tsakani suka ƙulla sulhu: 'yan Dimokurat ɗin cikinsu suka yi alkawarin ba za su tare alƙali ba sai bisa larura mai tsanani, 'yan Rifablikan ɗin kuma suka yi alkawarin ba za su goyi bayan sauya ƙa'ida ba. Sulhun ya yi aiki na ɗan lokaci, amma tun da ya dogara ne ga mutuncin mutum 14, da suka watse, wasu suka sha kaye a zaɓe wasu suka yi ritaya, sai ya bi su.

Yanzu ku biyo ni zauren majalisar ranar 21 ga Nuwamba, 2013. Shugaba Obama ya gabatar da mutum uku, Patricia Millett da Cornelia Pillard da Robert Wilkins, don cike gurabe a kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washinton, wadda ake ɗauka ita ce ta biyu a daraja bayan Kotun Ƙoli saboda ita ke duba yawancin ƙararrakin da suka shafi hukumomin gwamnati. 'Yan Rifablikan suka tare su duka ukun, suna kafa hujja da cewa aikin kotun bai kai a ƙara mata alƙalai ba, 'yan Dimokurat kuwa suka ce dalilin gaskiya shi ne alƙalai 8 da ke zaune sun rabu huɗu da huɗu, ana gudun kada ma'auni ya rinjaya. Sai shugaban masu rinjaye, Harry Reid, ya miƙe ya ce a fahimtarsa rinjaye maras yawa ya isa a rufe muhawara a kan duk wani naɗi in ban da na Kotun Ƙoli. Mai jagorantar zama, Patrick Leahy, wanda ɗan jam'iyyarsa ne, ya yanke cewa ƙa'ida ba ta ce haka ba, domin haƙiƙa ba ta ce ba. Reid ya ɗaukaka maganar zuwa ga zauren, aka kira suna ɗaya bayan ɗaya, mutum 52 suka rushe hukuncin mai jagoranci, 48 suka tsaya a kansa. Ba a goge ko harafi ɗaya daga littafin ƙa'idoji ba, tawili kawai aka yi masa, aka ce 60 tana nufin rinjaye maras yawa. 'Yan Dimokurat uku suka ƙi bin jam'iyyarsu, cikinsu har da dattijo Carl Levin, wanda ya yi gargaɗin cewa in masu rinjaye suna iya sauya ƙa'ida duk lokacin da suka ga dama, to babu sauran ƙa'ida. Shugaban marasa rinjaye kuwa, Mitch McConnell, ya shaida musu cewa za su yi da-na-sani, kuma tun kafin lokacin da suke zato.

Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A zaɓen 2014 'yan Rifablikan suka karɓe majalisar, McConnell ya zama shugaban masu rinjaye, kuma a shekara biyun ƙarshe na mulkin Obama alƙalai kimanin 20 kawai aka tabbatar. Ranar 13 ga Fabrairu, 2016, Scalia ya rasu a jihar Teksas, aka lulluɓe kujerarsa ta Kotun Ƙoli da baƙin ƙyalle bisa al'adarsu, amma tun kafin a kai ga jana'iza, a ranar rasuwar ma, McConnell ya ba da sanarwar cewa ba za a cike gurbin ba sai an zaɓi sabon shugaban ƙasa, domin a bar jama'a su yi magana. Ya kuma kafa hujja da wani jawabi da Biden ya yi a 1992, inda ya ce bai dace a duba naɗin Kotun Ƙoli ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe ba.

Ranar 16 ga Maris Obama ya fito lambun Fadar White House tare da wanda ya gabatar don cike gurbin, Merrick Garland, mai shekara 63, shugaban waccan kotun ta Washinton, mutumin da aka san shi da matsakaicin ra'ayi, wanda a 1997 aka tabbatar da shi da ƙuri'a 76, ciki har da na 'yan Rifablikan da dama. Garland ya yi godiya muryarsa na rawa, sannan ya shiga bin ofisoshin sanatoci yana gaisuwar ban girma kamar yadda aka saba. Akasarin 'yan Rifablikan suka ƙi ganinsa. Shugaban kwamitin shari'a, Chuck Grassley, ya gayyace shi karin kumallo a ɗakin cin abinci na majalisa, suka zauna cikin mutunci, maƙasudin zaman kuwa shi ne a bayyana masa dalilin da ya sa ba za a saurare shi ba. Haka sunansa ya zauna kwana 293, ba a yi masa tambaya ko ɗaya a gaban kwamiti ba, ba a jefa ƙuri'ar amincewa ko ta ƙi ba, har wa'adin majalisar ya ƙare ranar 3 ga Janairu, 2017. A tsawon wannan lokaci Kotun Ƙoli ta zauna da alƙalai 8, har ta yi kunnen doki, huɗu da huɗu, a wasu manyan ƙararraki, ciki har da wadda ta shafi makomar miliyoyin baƙin haure, aka tashi ba tare da hukuncin da zai zama madogara ba.

Da Donald Trump ya hau mulki ya tarar da gurabe sama da 100, ya gabatar da Neil Gorsuch a kujerar Scalia. 'Yan Dimokurat, da zafin abin da aka yi wa Garland, suka ja muhawara, McConnell kuwa ya ɗauko ainihin hilar da Reid ya yi amfani da ita, ya shimfiɗa ta a kan Kotun Ƙoli ranar 6 ga Afrilu, 2017, da ƙuri'a 52 a kan 48, washegari aka tabbatar da Gorsuch. Sannan aka zo 2020, inda Ginsburg ta rasu ranar 18 ga Satumba, zaɓe saura mako shida da 'yan kwanaki, mutanen da suka ce watanni 9 kafin zaɓe ya yi kusa sai ga su suna gaggawa, suna cewa bambancin shi ne a wannan karon fadar shugaban ƙasa da majalisa duk suna hannun jam'iyya ɗaya. Lindsey Graham, wanda a 2016 ya ce a riƙe maganarsa a yi masa hujja da ita in irin haka ta faru, shi ne ya jagoranci kwamitin. 'Yan Dimokurat, waɗanda a 2016 suka ce wajibi ne a cike gurbi ko da a shekarar zaɓe, suka koma cewa a jira jama'a su yi magana, suka ƙaurace wa zaman kwamiti suka bar hotuna a kan kujerunsu. Aka tabbatar da Amy Coney Barrett ranar 26 ga Oktoba, saura kwana 8 zaɓe, ba tare da ƙuri'ar ɗan adawa ko ɗaya ba.

Abin lura a nan, jama'a, shi ne yadda hujjoji suke sauya masu su. A 2005 Obama da Biden da Reid, suna marasa rinjaye, sun kare filibasta a matsayin garkuwar tsiraru, McConnell kuwa yana neman a ba kowane alƙali ƙuri'arsa. Bayan shekara 8 kowa ya ɗauki maganar abokin hamayyarsa ya yi ta nanatawa kamar tasa ce tun asali. In aka auna da nassin doka, babu wanda ya aikata haram a cikinsu: majalisa tana da ikon tsara ƙa'idojinta, tana da ikon ƙin amincewa, tana ma da ikon yin shiru. Amma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa ba duk abin da ya halatta ne mai muru'a yake aikatawa ba, kuma sun san akan toshe ƙofar halas in an tabbata za ta kai ga mafsada. Tsarin da ya raba iko tsakanin ɓangarori ba ya tafiya sai kowane ɓangare ya yarda ya tsaya ƙasa da iyakar ikonsa, yana tuna cewa rinjaye aro ne, gobe yana hannun wani.

Adalci ne mu ambaci hujjar masu cewa ba a yi asarar komai ba. Suna cewa sharaɗin ƙuri'a 60 ba ya cikin kundin tsarin mulki, tarihinsa ma cike yake da danne haƙƙin baƙar fata, kuma tun da aka kawar da shi gurabe suna cikuwa da sauri, domin Trump ya naɗa alƙalai 234 a wa'adinsa na farko, Biden ya naɗa 235. Wannan gaskiya ne, sai dai saurin yana samuwa ne kawai in shugaba da majalisa jam'iyyarsu ɗaya, in kuwa suka saɓa, abin da ya sami Garland ya nuna ana iya rufe ƙofa ruf. Bayan haka, shugaban da ya san ba ya buƙatar ƙuri'ar 'yan adawa ba shi da dalilin neman mutumin da za su iya haƙuri da shi, sai ya nemi mai ƙarancin shekaru, mai tsananin riƙo da aƙidar jam'iyya, wanda zai daɗe.

Babbar asarar kuwa tana wajen wanda aka yanke wa hukunci. Kotu ba ta da soja, ba ta da baitulmali, jarinta shi ne wanda ya sha kaye a gabanta ya fita yana cewa shari'a ce ta kayar da ni. Ranar da ya fara cewa jam'iyya ce ta kayar da ni, hukunci ya tashi daga matsayin raba gardama ya zama sabon babi a cikinta. A watan Yunin 2022, watan da Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya ba da 'yancin zubar da ciki, da ƙuri'un dukkan alƙalai ukun da Trump ya naɗa, binciken cibiyar Gallup ya nuna kashi 25 cikin 100 na Amurkawa ne kaɗai suke da amincewa mai ƙarfi da ita. Magabata sun hango wannan haɗari tun da daɗewa, shi ya sa Imamu Abu Hanifa ya gwammace ɗauri a kan karɓar alƙalanci daga hannun Halifa Mansur, domin ya san alƙalin da jama'a suke gani yaron mai mulki ne, ko ya yi adalci ba za a shaide shi ba.

Ana ta kawo shawarwarin gyara. Wasu sun ce a yanka wa alƙalan Kotun Ƙoli wa'adin shekara 18, ta yadda kowane shugaba zai naɗa biyu a wa'adi ɗaya, mutuwar alƙali ta daina zama ganima. Wasu suna nuni da Jamus, inda alƙalan kotun tsarin mulki suke shekara 12 ba sabuntawa, kuma ba a zaɓensu sai da kashi biyu bisa uku, abin da ke tilasta jam'iyyu su daidaita. Wasu kuma suna son a ƙara yawan kujeru, dabarar da Franklin Roosevelt ya gwada a 1937 'yan jam'iyyarsa suka taka masa birki, kuma wadda in aka yi ta, babu abin da zai hana na gaba ya ƙara nasa. Mu ma da muka ari tsarin shugaban ƙasa daga Amurka a 1979, kundinmu na Nijeriya ya ba Majalisar Dattawa ikon tabbatar da alƙalan Kotun Ƙoli, ko da yake ya sa Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa ta fara ba da shawarar suna, ya kuma yanka shekara 70 a matsayin iyakar aiki, abubuwa biyu da suke rage zafin kokawar.

Amma ko wane gyara aka zaɓa, ba zai samu ba sai ɓangarorin biyu sun sa hannu, ba kuwa za su sa ba muddin kowannensu yana lissafin cewa zaɓe mai zuwa nasa ne. Gyara na gaskiya sai jam'iyyar da ke da rinjaye ta yarda ta ɗaure hannunta a lokacin da take da ikon sakinsa, ta kafa ƙa'idar da za ta fara aiki bayan zaɓen da ba a san wanda zai ci ba, irin su wajabta sauraro da jefa ƙuri'a cikin ƙayyadaddun kwanaki ga duk wanda aka gabatar, ko wane shugaba ne ya kawo shi. Wannan yana buƙatar sanatocin da suke ganin martabar majalisa da ta kotu ta fi nasarar jam'iyya, irin waɗancan 14 na 2005, kuma masu zaɓe ne kaɗai ke iya aika irinsu, in sun daina hukunta wanda ya yi sulhu suna saka wa wanda ya fi taurin kai.

A nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa da alƙalai masu adalci.